Sunan da Za Mu Nemi Yaya Dattijo da Shi

Kudan, cikin watan Safar.

Zuwa ga Kawu Halliru, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwar ban girma irin ta ɗiya ga kawunta, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya Zulaihatu da duk yaran gida. Yaya ciwon gwiwar nan da ka ce yana hana ka zuwa masallacin Juma'a a ƙafa? Allah Ya yaye, Ya sa kaffara ne, Ya ƙara maka tsawon rai mai albarka. Mu nan jikinmu lafiya. Ruwa ya zauna sosai bana, masara ta yi goyo, raken fadama ma ya yi kyau, ɗan'uwana Saifuddeen na ta fama da shi shi kaɗai. 'Yar'uwata Halima ta sauka lafiya a Furana, namiji, an sa masa Ukasha. Inna ba ta je sunan ba, ta ce ƙafa, amma duk mun san ba ƙafa ba ce.

Na san za ka yi mamakin ganin hoton takarda a wayarka maimakon ka ji muryata. Ka san gidanmu, in aka yi tari a ɗaki ɗaya sai an yi maka sannu daga ɗaki uku. Abin da zan faɗa maka ba na so Inna ta ji shi daga bakina, shi ya sa na tsaya a makaranta bayan an tashi yara, na zauna a aji ni kaɗai ina rubutawa.

Maganar Yaya Dattijo ce. Yau wata goma sha bakwai ke nan da ya ɗauki lodin tumatir daga Ikara ya yi kudu. Abin da muka sani bai ƙaru ba a kan wanda ka sani: ya sauke kaya lafiya, ya damƙa motar a hannun wani direba, ya gaya wa mai motar cewa ya samu wata babbar mota da zai riƙa ja a can, zai kira in ya zauna. Sau biyu ya kira matarsa Kamila, daga nan wayar ta mutu. Saifuddeen ya je can har sau biyu, ya bi tasha-tasha da hoto a hannu, ya dawo da ciwon ƙafa kawai. Yanzu mahaifin Kamila ya aiko daga Gubuchi cewa da an yi girbi zai zo ya ɗauki 'yarsa, su je gaban alƙali a san matsayinta. Ban ga laifinsa ba, yarinya ce, ba za ta tsufa tana sauraron ƙarar mota ba. Amma Inna ta ce Kamila ba za ta bar ɗakinta ba sai an ga ɗanta, ko a raye ko a mace. A nan muka tsaya.

Wata abokiyar aikina, Malama Mukarrama, ita ta koya mini bincike a intanet. Ta ce akwai wurin da ake rubuta duk abin da ake nema a waya, a danna, ya kawo amsa, kuma ba abin da ba ya ciki. Ta gwada mini da maganin tsutsar masara, ya kawo. Ta rubuta sunan makarantarmu, sai ga hotonta har da bishiyar darbejiyar da ke bakin ƙofa. Wallahi Kawu ranar da gudu-gudu na koma gida, ina jin kamar kafin la'asar zan gano shi. Na gaya wa Inna, kuma wannan ne kuskurena na farko, don tun ranar ta ɗauki wayata tamkar wani malamin duba da ba ya kuskure. Kullum na dawo daga makaranta, kafin in cire mayafi, za ta tambaye ni ko abin ya yi magana.

Sai da na zauna zan rubuta na gane ban san sunan da zan nemi yayana da shi ba. Mu a gida Dattijo muke ce masa, saboda sunan kakanmu Malam Ja'afaru ya ci, kuma ba mai iya kiran sunan tsohon a tsakar gidansa. A tasha Dogon Kudan suke kiransa. Kamila ba ta taɓa ce masa komai ba sai Maigida. Inna kuwa ka fi ni sani, ɗan fari ne kuma sunan surukinta, ko Dattijon ma ba ta faɗa. Yaron nan take cewa, in ta ji haushinsa ta ce mai motar nan. Mutum ya shekara talatin da takwas a duniya, kowa ya san shi, amma ba wanda ya san yadda aka rubuta shi. Shi kuwa wannan abin bai san tsawon mutum ba, bai san tabon da ke goshinsa ba, bai san dariyarsa ba. Rubutaccen suna kawai yake nema.

Na rubuta Ja'afar Ashafa Kudan, da sunan marigayi Baba, bai kawo kowa namu ba. Na juya shi ta kowace fuska, na sa Ikara, na sa direba, na sa sunan tasha. Na sa hotonsa a zaurukan intanet na mutanen Kudan da na Makarfi da na direbobi, mutane sama da ɗari uku suka rubuta Allah Ya bayyana. Na gode musu, amma ko ɗaya bai ce ya gan shi ba. Lasisinsa da katin ɗan ƙasa suna aljihunsa, da su ya tafi, kuma duk cikinmu ba wanda ya taɓa buɗe su ya karanta. Wa zai tambayi yayansa ya ga katinsa?

Shi ya sa na zo gare ka, Kawu. Kai ka riƙe shi a Makarfi tun yana shekara shida, kai ka kai shi makaranta, kai ka tsaya gaban hedimasta. Wane suna ka bayar aka rubuta? Na Baba ka sa masa ko naka? Kudan aka rubuta ko Makarfi? Na je makarantar da kaina, suka ce tsofaffin rajistocin gara ta cinye su tun da rufin ofis ya yaye. In ka tuna, don Allah ka rubuto mini harafi-harafi yadda yake. Amma ba zan yaudare ka ba, ko ka aiko ban sa rai sosai ba, kuma ga dalili.

Da suna ya ƙi, Malama Mukarrama ta ce in daina neman mutum, in nemi abin da ya faru. Na koma rubuta sunayen hanyoyin can, da watan da wayarsa ta mutu, da haɗarin babbar mota. Da ma ban yi ba. Cikin wata biyu kacal na samu labari huɗu. A ɗaya mota ta ƙone, an ce mutum uku ba a gane su ba, an binne su a can. A wani an ce direba da wasu mutum biyu, shi ke nan, ba suna ba gari. Hoton ɗaya na buɗe shi ya fi sau hamsin, ina jan shi da yatsa yana ƙara dusashewa, ina neman ko takalmi in gane. Kowanne zai iya zama shi, kowanne kuma zai iya zama ɗan wata uwar. Na rubuta wa masu shafukan, ba wanda ya amsa. A nan na gane irinmu ko mun shiga cikin abin nan, ba da suna muke shiga ba. Ban gaya wa Inna ba, ban gaya wa Kamila ba. Wata uku ina ɗauke da wannan ni kaɗai, ina shiga aji ina koya wa yara karatu, raina a jagule.

Ranar Asabar da ta wuce da hantsi, muna tsakar gida muna tsince barkono, Inna ta ce ta gano inda matsalar take. Ta ce ai ƙanwa ce ke ta tambaya, shi ya sa abin ya yi shiru, ɗa in ya ɓata kiran uwa yake amsawa. Ta ga ina danna wata alama ina yi wa wayar magana maimakon rubutu, ta ce in danna mata. Kawu, bara da wata tsohuwa ta ba Inna shawarar kiranye, ta kira sunansa a cikin tulu, korarta ta yi, ta ce ba kyau, kuma bakinta ba zai iya ba. Amma Innar nan ce ta tashi ta wanke hannu, ta gyara ɗankwali, ta zauna a gabana.

Na danna. Ta motsa baki, amma a hankali ƙwarai, wayar ba ta ɗauki komai ba. Dole na ce wa mahaifiyata ta ɗaga murya. Ban taɓa jin nauyin wata magana kamar wannan ba. Ta rufe ido ta faɗa da ƙarfi, Ja'afar, har Kamila da ke bakin murhu ta saki muciya. Ni tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

Abin ya kawo fuskoki. Wani da rigar kammala jami'a, wani ango da babbar riga, wani mai shagon takalma a Kano, wasu ma ba 'yan ƙasar nan ba. Ta karɓi wayar ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana kawo ta kusa da ido, ina ja mata ƙasa har suka ƙare. Ta tambaye ni ko akwai saura, na ce babu. Ta tambaya ko abin ya ji ta da kyau, na nuna mata sunan a rubuce, na ce ya ji. Ta miƙo mini wayar, ta koma kan barkononta. Ba ta yi kuka ba, ni na yi.

Tun ranar ba ta sake tambayata ko abin ya yi magana ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali, yanzu sunan take faɗa a fili. Jiya ta ce wa Saifuddeen ya cire kayan Ja'afar daga igiya ya sa a akwati. Da yamma ta kira Kamila ɗaki, ta ce mata in mahaifinta ya zo ta bi shi, ba sai an jira girbi ba, ta yafe mata duniya da lahira. Shekara talatin da takwas tana jin kunyar ɗan da zai iya shigowa ya ji ta. Yanzu ba ta jin kunyar, kuma na san abin da hakan ke nufi. Ni kaina na rasa ko in ci gaba da binciken ko in bari, don wadda nake yi dominta ta riga ta gama nata.

Ka gaishe mini da Hajiya Zulaihatu, da Shamsuddeen da Halimatusa'adiya, da duk wanda ya san mu a zango. Saifuddeen da Halima da Kamila suna gaishe ka. Ka sa mu a addu'a. Da zan fito da safe na gaya wa Inna zan aiko maka da gaisuwa, ta ce in gaishe da ƙaninta da kyau, in kuma shaida maka cewa Ja'afar ɗinka da ka riƙa, ta bar wa Allah. Haka ta faɗa, Kawu, da sunan.

Wassalam. Ni ce ɗiyarka,

Atika Ashafa.