Kwalbar da Ta Auna Ruwan Rijiyar Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Illa mai haƙar rijiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa a durƙushe, irin wadda ka hore mu a kanta, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. 'Yarka ce Balkisa. Shekara tara da aka fita da kai daga gidan nan ban taɓa rubuta maka komai ba, don ko da kana raye takardar boko sai an karanta maka. Yau na rubuta, na kuma sa ta inda 'yan unguwa za su gani, saboda maganar ta shafe su, ni kuwa na gaji da bin gida gida ina maimaita ta.

Baba, ni ce na sa wa rijiyarka kwaɗo. Wadda ka haƙa sadaka a ƙofar masallaci. Wata uku ke nan murfinta a rufe, makullin yana ɗaure a bakin zanena.

Ina tuna ranar da ruwanta ya ɓullo. Ina 'yar shekara bakwai, an jawo ka da igiya a ƙugu, jikinka duk laka. Ka kurɓi ruwan, ka yi ta juya shi a baki har mutane suka ƙosa. Sannan ka ce, "Ba kanwa, ba gishiri. A sha." Gwajinka ke nan gaba ɗaya, kuma a zamaninka harshenka bai taɓa kunyata ka ba. Amma a lokacin bayan masallaci fili ne, awaki ke kiwo. Yanzu gidaje sun cike wurin, kowane gida da salgarsa, wata ma taku kaɗan ne tsakaninta da bakin rijiyar.

Ga yadda abin ya faro. Fati, jikar Liman, ta haihu nono bai zo ba, sai ta riƙa dama wa jaririn madarar gwangwani da ruwan rijiyar. Bai yi wata biyu ba leɓunansa da farcensa suka koma shuɗi-shuɗi, numfashi da ƙyar. Allah Ya yi da sauran kwana, ya tashi. Likitan da ya duba shi tambaya ɗaya ya yi, da wane ruwa ake dama masa? Da Fati ta gaya mini, hankalina ya tafi kan rijiyarka. Akwai wani abu da ke tsatsowa daga salga ya shiga ruwan ƙasa, mu a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, nitarat muke ce masa. Ba ya da wari, ba ya da ɗanɗano, ruwa sai ya fito garau yana ɗauke da shi. Babba yakan sha ya wuce, jariri ne ba ya ɗauka. Na je wurin mai unguwa na ce a rufe rijiyar sati guda in auna. Da bakina na ce sati guda, Baba.

Ka san aikina ke nan, gwada ruwa da ƙasar lambu a ɗan labonmu, mutanen garin Timiya ma har nan Agadas suke kawo mana. Na'urar awon tana nan lafiya lau. Ana zuba ruwa a wata 'yar kwalbar gilashi da ba ta fi yatsa ba, a sa hodar gwaji, ruwan ya canza launi, na'ura ta haska shi ta faɗi yawan abin da ke ciki. To kwalbarmu ta ƙarshe ta tsage tun bara, hodar ta ƙare, tulun gilashi mai dogon wuya da muke auna ruwa da shi daidai wa daida ya rasa bakinsa. Abubuwa uku kacal nake nema. Duka ukun za su shige cikin hular da kake zuwa Juma'a da ita.

Na fara da cikin gari. A farmasi suka ce su magani suke sayarwa. Aka tura ni shagunan da masu haƙar zinariya ke sayayya, na tarar da sikeli iri iri, da ruwan asid, da kofunan awo jere a kan katako. Na ɗauki biyu masu zane iri ɗaya, na cika ɗaya da ruwa zuwa zanen sama, na juye a ɗayan, sai ruwan ya haura zanen da faɗin yatsa. Na nuna wa mai shago. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Madam, ai duka gilashi ne." Garin da ake auna zinariya har ƙurarta, Baba, amma babu kofi biyu da suka yarda da juna a kan ruwa.

Na ce to bari in aika ruwan Yamai a auna a can. Irin wannan ruwa so yake ya isa da sanyinsa cikin kwana biyu. Na naɗe kwalbar da ƙanƙara na kai tasha. Motar ta lalace kafin Tawa, kwalbata ta kwana huɗu tana dahuwa. Wanda ya karɓa ya kira ni ya ce zai iya aunawa in ina so, amma shi ba zai sa hannunsa a takardar ba. Ban ga laifinsa ba, ni ma da ba zan sa ba.

Sai na koma ga saye daga nesa. Wani mai sayar da kayan labo a Yamai ya turo mini hoto a salula, kaya tsaf kamar na lefe. Na ce ya rubuta a jikin kwalin cewa gilashi ne. Ya rubuta kuwa, da manyan baƙaƙe, a gefen da aka kifa ƙasa. Da na je karɓa, kwalin yana ƙarƙashin buhunan shinkafa. Tun kafin in buɗe na girgiza shi na ji yana caccaka, na san an gama. Tulun ya rabu uku, kwalaben sun zama gari. Hodar ce kaɗai ta tsira, na duba bayanta na ga wa'adinta ya wuce tun kafin azumin bara. Na kira shi, ya ce shi dai ya sa kaya a mota lafiya. Na je wurin direba, ya ce shi bai buɗe kwalin kowa ba. Kowa ya wanke hannunsa, aka bar ni da tsintar gilashi a tsakar tasha.

Karo na biyu gilashin bai zo ba sam, wai ya ƙare sai an kawo daga waje. Hoda ta zo sabuwa fil, amma ta wata na'ura ce daban. Na ce masa ba ita ba ce. Ya ce, "Ai kusan ɗaya ne, ki gwada mana." In gwada a kan me, a kan 'ya'yan mutane? Na kashe salular don kada in faɗi abin da zai ɓata sunan gidanka.

Duk wannan, rijiya a rufe. Sati guda ya zama wata, wata ya zama biyu. Matan unguwa suna ɗaukar bido, jarkokin nan na roba, zuwa famfon bakin hanya, wanda ke kawo ruwa ranar da ya ga dama. Waɗanda na tashi a gabansu suka daina amsa gaisuwata da kyau. Sau biyu aka fasa kwaɗon, sau biyu na sayo wani. Liman ya zo da kansa, cikin mutunci, ya ce ko a tafasa ruwan? Na yi masa bayani cewa tafasawa ƙwayar cuta take kashewa, wannan abin kuwa ƙara masa ƙarfi take yi, don ruwa ne ke tashi ya bar shi a tukunya. Ya gyaɗa kai ya tafi, ban sani ba ko ya yarda.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce ta Yaya Sani. Ya kira daga Dirku, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Balkisa, mutum yana kabari ladansa na gudana, ke kin je kin toshe masa da kwaɗo." Na shiga ɗaki na yi kuka, saboda abin da ya faɗa shi ne abin da nake gaya wa kaina kullum in na wuce ta ƙofar masallaci. Ba ka bar gona ba, ba ka bar shago ba. Rijiyar nan ita ce abin da ka aika gaba, ni kuma da ka sayar da jakinka ka sa ni lakkwal na yi boko, ni ce na tsaya a bakinta.

Karo na uku na daina yarda da kwali da rubutu. Hajiya Rabi, ƙawar Inna mai fataucin atamfa, za ta dawo daga Yamai. Na roƙe ta ta je shagon da kanta, muna magana a salula tana karanto mini lambar da ke jikin kowane abu. Ta ce in bar mata sauran. Ta sayi gero, ta binne gilasan a ciki cikin babban kwano, ta ɗaure da zane, ta rungume shi a cinya tun daga Yamai har Agadas, ko a wurin sallah ba ta ba kowa riƙo ba. Tulu ɗaya, kwalabe huɗu, hoda mai wa'adi. Ko tsaga babu. Wallahi da na gani sai da na rungume ta.

Ranar Juma'a ce, an rufe labo, sai na kawo kwanon gida na ajiye a ɗaki, na fita gaisuwar rasuwa. Ka san ƙanwarka Gwaggo Habsu, tun rasuwar Inna muke zaune tare, kuma har yau ba ta iya ganin sabon mazubi ta ƙyale shi. Na dawo na tarar da tsakar gida tana ƙamshin kajiji. Ta tono gilasan daga cikin gero, ta dirje su da toka da soson ƙarfe, ta kife su a kan kasko tana turara su yadda take wa randa. Tana ganina ta washe baki ta ce, "Abin da za a zuba ruwan Illa a ciki ba ya zama da warin kanti."

Baba, kwalaben nan haske ke ratsa su, ƙarzuwa ɗaya ta isa ta sa na'ura ta yi ƙarya. Na ɗaga su a rana, uku duk sun yi zane-zane, hayaƙi ya dafe cikinsu. Na buɗe baki zan yi faɗa, na dubi hannuwanta da suka yi fari da toka, na rasa ta inda zan fara. Mai shago ya cuce ni na yi masifa, direba ya cuce ni na yi masifa, wannan kuwa don ƙaunarka ta yi. Na zauna a bakin murhu, ban san lokacin da dariya ta kama ni ba, hawaye na zuba. Sai ta ce ai uku ta gani. Na zuba hannu cikin geron na lalubo ta huɗun a can ƙasan kwano.

Da kwalba ɗayar nan na yi aikin jiya da hantsi. Tulun ya wanku, sai da na bi shi da asid da tataccen ruwa har sau biyar kafin ƙamshin Gwaggo ya bar shi. Na buɗe kwaɗon da hannuna, na zura guga, mata suna tsaye nesa suna kallona. Ruwan ya fito sanyi ƙalau, garau, kamar kullum. Na kai labo, na auna, na zuba hoda, na girgiza, na jira. In ruwa lafiya yake, da ƙyar launinsa ke motsawa. Naka ya yi ja kamar shayin farko. Na ce kuskurena ne, na wanke kwalbar na sake. Na gwada ruwan famfo don in kama na'urar da ƙarya, ya fito fari. Na sake ɗebo naka karo na uku. Ya wuce iyakar da jariri zai iya sha, nesa ba kusa ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, don ban gaya wa kowa ba. Wata ukun nan ina zagin masu shago da direbobi da hanya, kuma sun cancanta, ban janye ko kalma ɗaya ba. Amma ranar da na girgiza kwalin nan a tasha na ji gilashi ya farfashe, can cikin raina wani sanyi na ji. Haka ranar da hodar ta zo ba daidai ba. Muddin kayan ba su iso ba, rijiyarka tana nan da sauran fata, ni ma ina iya cewa ban sani ba. Tun ranar da Fati ta faɗa mini tambayar likita na san amsar, Baba. Tsoron ganinta a rubuce nake yi.

Gobe bayan azahar zan kai wa mai unguwa da Liman takardar sakamakon awon, da sa hannuna a ƙasa. Zan cire kwaɗon, don ruwan yana yin alwala da wanki. Amma zan sa a rubuta a jikin bango da jan fenti cewa ba a sha, ba a dafa abinci, ba a dama wa yaro. Sunanka yana rubuce a simintin bakin rijiyar, rubutun zai zauna ne dab da shi. Ka yafe mini. Kai ka haƙa ta da kyau, mu ne muka kewaye ta da abin da ya ɓata ta, kuma na san da kai ne ka ga leɓunan yaron nan, da ba ka jira gilashi daga Yamai ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da Inna a inuwa ɗaya. Duk wanda ya sha ruwan nan shekara da shekaru, Allah Ya kai maka ladansa cikakke, duk wanda zai yi alwala da shi nan gaba, Allah kada Ya rage maka komai saboda abin da hannuna ya rubuta. Allah Ya shayar da kai ruwan Alkausara. Amin.

Taka har kullum,
Balkisa