Motar da Ke Ƙarƙashin Tamfol

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya baƙunta? Ina fata ciwon gwiwar nan ya sake ka. Mu nan lafiya lau, Inna tana gaishe ka.

Yaya, raina a ɓace yake. Ka san sabon titin da ya bi ta gaban garejina ya wuce makarantar firamare? To, 'yan wasan mota sun mai da shi filin tsere. Da an yi la'asar za ka gan su a jere. An dasa wa motocin fiffike a baya, an sauke su ƙasa har suna shafar kwalta, an huda bututun salansa don a ji ƙara. Tsofaffi suna toshe kunne, su kuwa suna ihu suna ɗauka a waya.

Shekaranjiya ina kwance ƙarƙashin wata mota na ji wani inji ya wuce. Shekara tara ina duba injin nan, ko a mafarki na san muryarsa. Motarka ce, Yaya. An yi mata jan fenti, an cire lamba, amma waldar da na yi a bambar baya tana nan. Autanka ne a ciki, hannu ɗaya a sitiyari.

Na tare shi a gida, ya ce ai kai ka aiko da kuɗin kwalliyar. Na kira ka, ka yi dariya ka ce ƙuruciya ce. Haba Yaya! Don Allah ka ce a karɓe makullin nan.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka na gareji.

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, saƙonka ya iso. Na karanta shi sau uku don ban yarda kai ka rubuta ba.

Tun da Auta bai faɗa maka duka ba, ni bari in faɗa. Ranar Laraba suka yi tsere su biyu daidai lokacin da 'yan ajin yamma ke tashi. Baba Mai Tuta, tsohon nan da ke tsallakar da yara, ya shiga tsakiyar titi ya ɗaga jar tutarsa kamar kullum. Ɗayan ya kauce. Auta ya taka birki, amma tayoyin da ya sa na ado ne, ba sa kama ƙasa. Yaran sun tsira don Baba ya ture su baya. Shi kuwa motar ta buge shi, yana asibiti, an yanke masa ƙafar hagu.

Auta bai tsaya ba. Ya shigo da motar garejina ta baya, yana kuka, ya ja tamfol ya rufe ta. Wallahi na tausaya masa, ɗana ne.

Yanzu kai kana cewa in buge bonet ɗin, in sake fitila, in mai da farin fentinta na da, tun kafin 'yan sanda su zo. Har da cewa aikin kwana biyu ne a hannuna. Gaskiya ne, na iya. Ba zan yi ba.

Da na ɗaga tamfol ɗin, sandar tutar na samu a karye cikin ragar gaba, ƙyallen ya naɗe a jiki. Ka manta shekara shida Baba yana riƙe hannun Auta yana tsallakar da shi titin makarantar nan tun kafin a sabunta shi? Jiya da na je duba shi, bai san ko motar wa ba ce. Tambayata ya yi ko Auta ya gama karatu, ya ce in gaishe shi. Na rasa inda zan sa fuskata.

Motar tana nan yadda ta shigo, ko ƙurarta ban goge ba. Gobe da safe ni da Auta za mu ofishin 'yan sanda. In ka ga dama ka daina kirana ƙaninka. Daga can asibiti za mu wuce, Auta ya amsa gaisuwar Baba da bakinsa.

Inna ba ta sani ba tukuna.

Ƙaninka na gareji.