Abin da Barakatu Ta Ji a Tiyata

Litinin, 12 ga Janairu, 2004
Aiki biyu yau. Na biyun wata Barakatu ce daga Mai'adua, an cire mata ƙari a mahaifa. Ni na sa ta barci. Ana tsakiyar aiki na ga hawaye na bin kuncinta, na duba kwalbar maganin barcin da ke jikin injin, ta ƙafe. Tun yaushe, oho. Na cika ta da sauri, na share hawayen da auduga. Ba wanda ya lura. Lokacin ina ta zuba wa likita labarin ragon layyana da ya ƙi cin dusa.

Talata, 13
Ta farfaɗo tana ihu. Wai ta ji wuƙa, ta ji komai, ta kasa ko ɗaga yatsa. Dole ta kasa, allurar sandarar da jiki na aiki. Mijinta Maliki ya ce, "Malam Ikrima, kai ne masani, haka na yiwuwa?" Na ce mafarki ne, maganin kan sa haka.

Alhamis, 15
Na wuce ta gadonta. Ta ji muryata ta juyo. "Kai ne mai ragon da ba ya cin dusa." Matan ɗakin suka yi dariya. Ni ma na yi, Allah Ya yafe mini.

Litinin, 26
An sallame ta tuni. Shekara goma sha ɗaya ina aikin nan ba a taɓa kuka da ni ba. In na yi magana, wa zai ƙara kwantawa a hannuna?

Juma'a, 6 ga Fabrairu
Na haɗu da Maliki bayan masallaci. Ya ce Barakatu ba ta yarda ta kwanta rigingine, in an rufe ƙofa sai ta fasa kuka. Tunda asibiti sun ce ba komai, dangi suka ce iska ce. Malamin ruƙiyya ya zo sau huɗu, ana danne ta, ana yi mata hayaƙi. An raba ta da 'yarta mai shekara biyu, kada ta ji mata ciwo. Har godiya Maliki ya yi mini. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Asabar, 7
Ban ci komai ba.

Lahadi, 22
Kasuwar Mai'adua na je, ba wani abu ba. Tunda na zo kusa, na nemi gidan. Na faɗa wa Maliki a zaure, da wansa a zaune: kwalbar, hawayen, duka. Na ce lafiyar hankalinta ƙalau, a mayar mata da 'yarta.

Ashe Barakatu na bayan ƙofa. Na fara cewa, "Malama, abin da kika ji gaskiya ne."

Ta ce, "Ni ai na sani. Kai nake jira."