Abin da Na Gano Maka a Sabon Filin Ƙwallo

Zuwa ga yayana, Malam Isiyaku, a Kusiri.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da 'yarka Hajara da maigidanta da yara. Yaya ƙafar taka? Mu nan Garwa rana na nan tana gasa mu yadda ka san ta, kogin Binuwai ya janye har yashi ya fito a tsakiya. Binta da yara suna gaishe ka.

Dalilin rubutun shi ne saƙonka. Tun da aka buɗe sabon filin ƙwallon nan, duk wayar da muka yi da magana ɗaya kake rufe ta: in je in gano maka shi, in ba ka labari yadda na saba. Na yi ta ja maka rai, yau ɗinki ya yi yawa a shago, gobe biye, wato tikiti, ya ƙare, har ka fara zargin ko na sauya sheƙa na koma bin wata ƙungiya. To, alkawari kaya ne, na je na sauke. Na zaɓi in rubuta a maimakon in kira ka domin na san halinka, ba za ka bar ni in kai ƙarshen magana ba. Na kuma sa ta a dandalinmu na waya inda tsofaffin abokan kallonmu za su gani, don in faɗa sau ɗaya in huta. Ka ce wa Hajara ta karanta maka duka, kada ta tsallake ko layi ɗaya don tausayi.

Ka tuna yadda abin ya fara? Lokacin da idanunka suka rufe kana sabon magidanci, ka bar rumfar atamfarka a kasuwa, ka shige ɗaki ka ƙi fitowa. Ni ina koyon ɗinki a lokacin. Wata Lahadi na ɗora ka a bayan keke da ƙarfin tsiya, kana zagina tun daga ƙofar gida har tsohon fili. Na tsayar da kai a jikin wayar da aka kewaye filin da ita, na tsaya a kunnenka na hagu, na fara faɗa maka wa ya ɗauki ƙwallo, wa ya ba, wa ya faɗi. Kafin a tafi hutu kai ne ke wa arbit, wato alƙalin wasa, ihu fiye da kowa.

Daga ranar na zama Rediyon Isiyaku, sunan da har yau wasu ba su san mini wani ba. Hannunka a kafaɗata, bakina a kunnenka, haka muka ci shekaru. 'Yan wasa na wucewa dab da mu har zufarsu na fantsamo mana. In na zuzuta bugu, sai ka matse kafaɗar ka ce, "Hamisu, rage gishiri, makaho ne ni, ba yaro ba." In kuwa aka buga ta da ƙarfi daga nesa, tun kafin in buɗe baki kake cewa ta tafi sama, kuma da wuya ka yi kuskure. Ban taɓa gane yadda kake yi ba, na dai riƙa yi maka dariya ina cewa kana da aljanu.

To, ga labarin sabon filin.

Na hau moto, wato babur, na haya, mai moton ya sauke ni nesa domin an tare hanya. Mutane kam an zo. Motocin garin Pitowa sun juye nasu, na Gidar sun juye nasu, kowa da riga mai launin ƙungiya. Muka shiga layi cikin rana, layin na tafiya kamar ba ya so. A ƙofa jandarmomi suka laluba ni sama da ƙasa, suka karɓe gorar foleren, wato zoɓon, da Binta ta haɗa mini, wai ba a shiga da kwalba. Na ce ta roba ce, aka nuna mini tulin na wasu a gefe. Tun kafin in ga ciyawa na gaji.

A ciki kowa da lambar kujerarsa a jikin biye, ba kamar da ba da mutum ke tsayawa inda ransa ya so. Tawa tana can sama. Na yi ta hawan matakala ina hutawa, gwiwoyina na tuna mini shekaruna. Kujerun na roba ne, rana ta dafa su, sai da na shimfiɗa hulata kafin in iya zama. Babu mai gyaɗa, babu mai tsire, babu mai ruwan sanyi da ke ratsawa yana taka wa mutane ƙafa. Masu gangarmu an tattara su a wata kusurwa can nesa, lasifika kuwa na ta zuba kiɗan da ya danne su. Na duba hagu da dama ko zan ci karo da wani na tsohon fili, ban gane kowa ba.

Amma in faɗi gaskiya, an yi gini. Akwai rumfa babba a ɓangaren manya, akwai banɗaki mai ruwa, kuma ciyawar kore ce shar, irin koren da ba mu saba gani a Garwa ba sai tsakiyar damina. An ba ta ruwa kafin wasa, iska na kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa har inda nake. Na ce a raina, da Yaya na nan da wannan zai fara yabawa.

Aka hura usur. Sabo ya sa na juya dama, inda ka saba tsayawa, na buɗe baki zan fara. Sai na rasa abin faɗa. Ina ganin kore, ina ganin wasu launuka biyu suna kai da komo a kansa, amma ƙwallon kanta ban gan ta ba. Na murza ido, na miƙa wuya, na kare rana da tafin hannu. Babu.

Ka san ni da mita. Nan take na ɗora wa masu gini laifi, na ce sun rataye mu a sama kamar tantabaru, wa zai ga wasa daga nan? Wanda ke kusa da ni na yi wa ƙorafin, wani dattijo manomi daga duwatsun bayan Gidar, ya ce sunansa Baba Pol. Ya girme ni nesa ba kusa ba, kansa fari fat. Ya gyaɗa kai ya ce lallai da nisa. Bai rufe baki ba ya miƙe yana yi wa mai lamba takwas faɗa da Hausarsa ta kasuwa, wai ya riƙe ƙwallo ya ƙi bayarwa. Daga kujerar da ke manne da tawa yake karanta lambar da ke bayan rigar yaron. Daga nan na bar zargin masu gini.

Can sai filin ya ɗauka gaba ɗaya. Kowa ya miƙe, ni ma na miƙe a bayansu ina ihu, alhali ban san abin da ya faru ba. Da aka lafa, na sunkuya na tambayi Baba Pol wa ya ci. Yaya, ni Rediyo, ni ne na tambayi wani wa ya ci. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba. Mutumin kirki ne, bai yi dariya ba. Ya ce namu ne, da ka ya sa ta, ya nuna mini wani ƙaton allo a ƙarshen fili inda ake maimaita cin don kowa ya sake gani. An ce girman allon ya kai bangon gida. Haske kawai na gani yana motsi.

Da aka tafi hutu na zauna na rufe idon dama da hannu. Na hagu hazo ne zalla. Na rufe na hagun, na dama yana gani, amma abin da ke gabana kaɗai, gefe da gefe duhu. Nan maganarka ta faɗo mini, wadda ka yi wa Inna lokacin da naka ya fara: "Kamar ana jawo mini labule daga gefe, a hankali." Ina zaune cikin dubban mutane na ji ta kamar yanzu ka faɗa.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba ranar abin ya fara ba, ranar ce dai na rasa wanda zan ɗora wa laifi. Na daɗe ina miƙa wa yaran shago allura su zura mini zare, ina cewa alluran zamani ba su da kafa. Na sayar da motona na ce ciwon baya ne. Mutane na wucewa ta gefena su gaishe ni ban gan su ba, har aka fara cewa Hamisu tela ya yi girman kai. Shago ɗan ƙarami ne, na san inda komai yake, hanyar masallaci ma ƙafata ta haddace ta. A haka na yi ta lallaɓawa. Shi ya sa nake ta ja maka rai, don wani sashe na zuciyata ya san abin da zan tarar a filin nan. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Da aka dawo daga hutu na ce bari in gwada irin taka. Na runtse ido na kasa kunne. Ban ji komai ba sai hayaniya, rumfar nan na dawo da ihun mutane ta ko'ina, ga lasifika, ga ƙahonin roba da samari ke busawa. Ban iya raba ihun murna da na haushi ba, balle in ji ƙarar bugu in san inda ta nufa. Na buɗe idon, na sake rufewa, duk ɗaya. Haka na zauna har aka tashi, kaina na sarawa, ƙishirwa na damuna. An ce mun ci biyu da ɗaya.

Saukowa ta fi hawa wuya. Matakalar duk launi ɗaya ce, ban ga inda wannan ta ƙare waccan ta fara ba, mutane kuma na turowa ta baya. Na tsaya na riƙe ƙarfe ina jira a ragu. Baba Pol bai tambaye ni komai ba, ya shiga gabana kawai, ya kama hannuna ya ɗora a kafaɗarsa. Muka sauko a hankali, yana ɗan tsayawa a duk inda matakala ta karya. Ni na san wannan tsayawar, ni ne na saba yi maka ita. Ban taɓa sanin haka take daga baya ba, mutum ya ba da dukan jikinsa ga kafaɗar wani. A bakin titi ya tare mini moto, na yi masa godiya, ya tafi neman motar garinsu.

Na je asibiti cikin makon. Likita ya ce ruwan cikin idon ne ya yi ƙarfi yana danne jijiya, kuma yakan bi jini. Ya ce abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage za a yi ƙoƙarin riƙe shi da maganin ɗigawa, in na kiyaye. Ya yi mini faɗan rashin zuwa da wuri, na ce ya yi gaskiya. Da na gaya wa Binta, sai ta ce ita ta daɗe da sani, ai shi ya sa take kwashe buta da kujera daga tsakar gida kafin in dawo. Ka ga, ni kaɗai nake tsammani na ɓoye.

To, Yaya, ka aike ni in gano maka fili, ga abin da na kawo: zafin kujera, ƙamshin ciyawa, da hayaniya. Da kai ka je da kanka, da ka fi ni samo labari. Ka yi haƙuri da rediyonka, ya tsufa.

Na gaji, kuma ina jin tsoro. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba sai yau, kuma kai nake faɗa wa, don kai kaɗai ka san hanyar da nake shirin bi. Ina tunanin keken ɗinkina, ina tunanin fuskokin jikokin da ban gani ba tukuna. Ina tunanin ranakun Lahadi ma, ko da yake na san wani zai ce wannan ƙaramin abu ne. Kai ka san ba ƙarami ba ne, shi ya fito da kai daga ɗaki.

Saboda haka in an yi salla zan hau mota in zo Kusiri, tun ina iya gane mota da kaina. Ka nemo mana fili ko na unguwa ne, mai ƙasa, inda za mu tsaya kusa da layi. Wannan karon zan kama bakina. Kai za ka yi magana, ka koya mini yadda ake jin bugun da zai tafi sama da wanda zai shiga, da yadda ake gane ihun ci tun bai gama tashi ba. Ka koya mini har in iya ni kaɗai, kada ka yi mini sassauci. Kai Allah ya ba ka ƙane da ya tsaya maka a kunne. Ni ne auta, Yaya, babu kowa a bayana.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sauƙaƙa maka ƙafar nan, ya saka wa Hajara da maigidanta da alheri. Allah ya jiƙan Inna da Baba. Ya bar mini abin da ya rage na gani gwargwadon yadda ya so, ya ba ni irin haƙurin da ya ba ka, ya haɗa mu da alheri. Amin.

Naka har kullum,
ƙanenka Hamisu tela, Garwa.