Ta Ƙarƙashin Kwando

Sfax

Ɗana Iskandar,

Assalamu alaikum. Ina gaida mahaifiyarka da ƙanwarka Sirin.

Na kalli wasanku na ƙwallon kwando a talabijin ɗin gidan shayi. Wannan sabuwar dabarar taka ta rikita mu: ka bi layin ƙarshe, ka shige ƙarƙashin kwando, ka ɓullo ta ɗaya gefen, ka murza ƙwallo a allo ta baya ba ka ko kallon zoben. Lokacin da nake buga wa ƙungiyar Nabeul, da na gwada haka da koci ya kore ni gida. Da ka yi ta, har wani tsoho ya zubar da shayinsa.

Sai dai abu ɗaya. Sau da yawa abokin wasanka Hisham yana tsaye a damanka shi kaɗai, yana ɗaga hannu, ba ka ba shi. Girman kai ne ya fara shiga, ko faɗa kuka yi?

Kawunka,
Lutfi

Nabeul

Kawu,

Wa alaikumus salam. Duk suna amsawa.

Ba girman kai ba ne. Ban ga Hisham ba. Kawu, idona na dama ba ya gani. Tun bara wani ya tsokane ni da yatsa wurin atisaye, na ɗauka zai wuce. Da farko hazo-hazo, yanzu duhu ne kawai.

Dabarar da kuke yabo, dole ce ta koya mini ita. In na bi layin ƙarshe, mataccen idon yana fuskantar 'yan kallo, mai lafiyar yana ganin fili, zoben kuma yana kare ni daga hannun mai tsaro. Koci bai sani ba, Umma ma haka. Don Allah ka rufa mini asiri har a gama kakar wasa.

Ɗanka,
Iskandar

Sfax

Iskandar,

Salama.

A tsaye na fara karanta takardarka, ban san lokacin da na zauna a kan buhun gari ba. Ni da na yi ta tafa maka, ashe makantarka nake yi wa tafi. Tun bara! Kuma kullum kana goya Sirin a babur zuwa makaranta, motoci na fitowa ta damanka?

Ba zan rufa ba. Akwai likitan ido a nan, na yi masa bayani, ya ce jinkirin ya yi yawa amma ka zo a duba, ko don a tsare ɗayan. Ka faɗa wa 'yar'uwata da bakinka, ko in zo in faɗa mata.

Lutfi

Nabeul

Kawu,

Ina gaisuwa. Na ajiye babur. Na faɗa wa Umma tana tsaka da turara kuskus. Ta goge hannunta, ta rufe idona na hagu da tafinta, ta ce, "Kana ganina?"

Na ce a'a.

Muna tafe ranar Litinin.

Iskandar