Babbar Rigata da Kwanfarans Ɗinsu

Litinin, 6 ga Oktoba, 2025
Ilham ta shigo gida ido jajir. Wai jami'arsu na cinikin shiga wata sabuwar kwanfarans, in an daidaita za a rushe ƙungiyarsu ta 'yan gudu don a ƙarfafa ƙwallon kwando. Ni dama gudun nan bai taɓa burge ni ba, karatu na tura ta. Amma a sa min 'ya kuka? Su wa?

Laraba, 8 ga Oktoba
Na tambaye ta yaushe ne kwanfarans ɗin. Ta amsa da Turanci tana latsa waya, wai Juma'a za su zauna. Madalla. Za su ji ta bakina.

Juma'a, 10 ga Oktoba
Kai, yau na ga wulaƙanci! Ana sallame Juma'a na hau jirgin ƙasa daga unguwarmu Highbridge da babbar rigata, ina ta shirya jawabi a raina. Na isa ofishin wasanni na ce a nuna min zauren kwanfarans. Matar da ke kan tebur ta yi sororo. Ashe a bakinsu kwanfarans ba taro ba ne, gungun jami'o'i ne masu gasa da juna. Zaman kuwa ta kwamfuta ake yi, shugabanni da lauyoyi kawai, ko kocin yaran ba a gayyata ba. Har da ce min rigata ta yi kyau. Nuna riga na zo yi? Mutanen banza, ana cinikin ƙafafun 'ya'yan mutane babu ko kujerar da uba zai zauna!

Asabar, 11 ga Oktoba
Uwarta Mariya dariya har da riƙe ciki. Ilham ba ta yi ba. "Baba, da gaske ka je?" Da Hausa ta faɗa.

Talata, 21 ga Oktoba
Sun sa hannu. Daga baɗi babu ƙungiyar. Allah ya isa.

Asabar, 25 ga Oktoba
Tserensu na ƙarshe, a filin Van Cortlandt. Na roƙi abokin aikina Kadri ya riƙe min aiki a asibiti, na ce zan je ne in ga idon shugabannin nan. Ko ɗaya bai zo ba. Ilham ta zo ta huɗu, ɗankwalinta sharkaf da gumi. Ashe haka yarinyar nan take gudu?

Muryata ta dishe saboda ihu. Na ce wa Mariya sanyi ne.