Tsakata Ta Yi Kashi

Argungu, daren Talata, 14 ga Maris, 1989

Alhamdu lillahi, tsakata ta yi kashi!

Kwana tara ina leƙa akwatin gilashin da nake kiwonta a ciki don darasin kimiyya, ba komai. Cikinta ya kumbura, ko fara na saka mata sai ta kau da kai. Ga sufeton makarantu zai zo daga Sakkwato jibi, kuma ita kaɗai ce mai rai a ɗakin kimiyyarmu. Laifina ne. Yashin gulbi na shimfiɗa mata don ado, ashe da shi take haɗiye farar.

Da na kawo ta gida jinya, matata Kulu har ƙofa ta tare ni. "Malam, kowa kashe tsaka shikai, kai ka kawo min ita ɗaki? In ta hwaɗa tukunya, wa ka cin tuwon?"

Amma yau ita ce ta leƙa ta ce, "Wagga ruwan ɗumi taka so, awa jinjiri." Ta ba ni tsohuwar tasa, na zaunar da tsakar ciki ina shafa mata ciki a hankali. Bayan magariba sai ga shi, kamar ƙwayar shinkafa, baƙi mai farin kai, duk yashi. Na yi kabbara har maƙwabci ya leƙo.

Kulu ta ce ko ranar aurenmu ba ta ga haƙorana haka ba. Ɗazu kuma na kama ta tana jefa wa tsakar ƙwarin fitila, wai don kada su dame mu.